Kitsen Ciki, Kumburin Ɓoye da Ciwon Suga: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk gidan da aka ce an gano wani yana da ciwon suga, tambayar da ake fara yi ɗaya ce: "To shi da ba ya shan zaƙi, ina ya samo shi?" Sukari yana da nasa laifin, kuma za mu zo kansa. Amma binciken shekaru talatin da suka wuce ya nuna akwai wani abu da ke shiga tsakanin kwanon abinci da ciwon, wato wani kumburi mara zafi da ke tashi a cikin kitse, musamman kitsen da ke kewaye da hanji da hanta. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa mutum biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira, kuma zai san inda ya kamata ya sa ƙarfinsa.

Maganar nan kan nau'i na biyu ce, wanda shi ne ke kama fiye da tara cikin goma na masu ciwon. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi bayyana a yara da matasa, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, kuma ba abinci ko ƙiba ke kawo shi ba. Mai wannan nau'in ba shi da makawa sai allurar insulin, kada kowa ya ruɗe shi da cewa canjin abinci zai raba shi da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma a shekarar ta 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matsayin ciwo. Halittar ɗan Adam ba ta canja cikin shekara talatin ba. Abincinsa da zamansa ne suka canja. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna haka ƙarara a kan 'yan Gana. An auna mutanen ƙauye, da na birni, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Turai. A cikin mata, ƙibar da ta wuce kima ta kama kusan kashi 8 cikin ɗari a ƙauye, kusan 34 a birane, sama da rabi kuma a Landan. Ciwon suga a maza bai kai kashi 4 ba a ƙauye, a birni ya kai 10, a Barlin ta Jamus ya kai 15. Asali ɗaya, tukunya daban.

Aikin insulin

Tuwo, shinkafa, burodi, taliya, rogo, duk sitaci ne, kuma da zarar sun isa hanji sai su narke su zama sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke sako insulin, shi kuma insulin shi ne ke umartar tsoka da kitse su ɗauke sukarin daga jini, ya kuma hana hanta ƙara zubo nata. A lafiyayyen jiki, bayan awa biyu ko uku da cin abinci komai ya koma daidai.

Matsala tana farawa ne lokacin da tsoka da hanta suka fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Sai fankiriyas ta ƙara yawan abin da take fitarwa don a saurare ta. Tana iya yin haka shekara goma ko fiye, mutum yana harkokinsa, gwajin jini ma yana nuna lafiya lau. Ranar da ta gaza, ranar ce sukari ke hawa. Idan ya wuce kimanin 180 a ma'aunin asibiti, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya biyo fitsari ya jawo ruwa tare da shi. Daga nan ne ake samun yawan fitsarin dare, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da kiyashi a inda aka yi fitsari. Wani bincike da aka daɗe ana yi a Birtaniya ya nuna kafin a kai ga gano ciwon, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin da ke yin insulin ya riga ya tafi.

Akwai alamar da ke riga duk waɗannan zuwa, kuma kullum muna ganinta ba mu san ta ba. Wani baƙi ne mai kauri da laushi da ke fitowa a bayan wuya, ko hammata, ko matsematsi. Uwa za ta zaunar da yarinya ta dirje mata wuya da soso da sabulu har fata ta yi ja, tana faɗan ƙazanta, baƙin kuma yana nan. Ba dauɗa ba ce. Yawan insulin a jini ne ke sa fatar wurin ta yi kauri. Wanda ya ga haka a jikinsa ko a jikin ɗansa, gwajin jini yake bukata.

Abin da ke faruwa a cikin kitse

Da can likitoci sun ɗauki kitse a matsayin wurin ajiya kawai. A 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman da abokin aikinsu, a Boston ta Amurka, suka gano cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadari mai suna TNF, irin wanda jiki ke fitarwa idan yana yaƙi da cuta. Da suka toshe sinadarin, sai jikin dabbobin ya fara amsa wa insulin fiye da da. Shekara ɗaya bayan haka Jeffrey Friedman a New York ya gano leptin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san yawan abin da aka tara. Daga nan aka tabbatar kitse gaɓa ce mai magana da sauran jiki. A 2003 kuma ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka leƙa kitsen da madubin likita, suka tarar ya cika da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj. A siririyar dabba ba su kai ɗaya cikin goma na ƙwayoyin wurin ba, a mai ƙiba sosai kuwa suna kaiwa huɗu cikin goma.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace ƙwayar kitse tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Idan abinci ya ci gaba da zuwa fiye da bukata, sai ta yi ta kumbura har jini da iska su kasa isa gare ta yadda ya kamata. Wasu su galabaita, wasu su mutu. Makrofaj aikinsu ne share gawar ƙwayoyi, don haka sai su taru su kewaye wadda ta mutu, suna aikin suna fitar da sinadaran kumburi. Waɗannan sinadaran su ne ke shiga cikin tsoka da hanta su katse saƙon insulin a hanya. Ƙwayar kitsen da ta daina jin insulin kuma sai ta fara tsiyayar da mai cikin jini, man ya je ya taru inda ba wurinsa ba: cikin hanta, cikin tsoka, har cikin fankiriyas kanta.

Kumburin da muka saba da shi, na ƙurji ko targaɗe, yana zuwa da zafi da ja, ya yi kwanaki ya wuce. Wannan kuwa kamar wutar ƙaiƙayi yake, ba harshe ba hayaƙi, yana ci ta ƙasa shekara da shekaru. Ba a jin sa, sai dai a ga sawunsa a gwajin jini. A 2001 wani bincike kan dubban mata a Amurka ya nuna waɗanda alamun kumburi suka fi yawa a jininsu su ne suka fi kamuwa da ciwon suga a shekarun da suka biyo baya.

Ba kowane kitse ne ke da wannan haɗarin ba. Na cinya da ɗuwawu da na ƙarƙashin fata ya fi zama lafiya. Mugun shi ne na can cikin ciki, domin jinin da ya fito daga wurinsa kai tsaye hanta yake nufa, da mai da sinadaran kumburi da komai. A 2004 likitoci a Amurka sun zuƙe wa wasu mata kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki ta hanyar aiki. Ciki ya ragu, amma jin insulin bai gyaru ba, alamun kumburi ma ba su sauka ba, domin na cikin ba a taɓa shi ba. Saboda haka teɓar da muke yi wa kirari da alamar hutu, mai tauri kamar an hura, ita ce ta fi cancanta a ji tsoronta, ko da hannuwa da ƙafafun mai ita sirara ne.

Inda abinci ya shigo

Abin sha mai zaƙi shi ne kan gaba, kuma a nan ba na sassautawa. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kimanin gram 50, cokalin shayi goma sha biyu ke nan ko fiye. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, in so samu ne a tsaya a kashi 5, kimanin cokali shida ga babba. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, don haka mutum zai sha kwalba guda kuma ya ci tuwonsa cif. Sannan rabin sukarin gida furuktos ne, wanda hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin sarrafa shi, idan ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse. Da aka haɗa bincike da dama a 2010, an ga masu shan irin wannan lemo sau ɗaya ko biyu a rana sun fi waɗanda ba su cika sha ba haɗarin kamuwa da kashi 26 cikin ɗari. Nijeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, abin da bai isa ya sa kowa ya ajiye kwalba ba.

Kada mu ɗora wa kamfanoni kaɗai. Ku tsaya teburin mai shayi da safe ku lura da hannunsa: ya zuba sukari cokali uku ko huɗu a babban kofi, ya tsiyaya madara, ya yanko farin burodi rabin sanda ya shafe shi da bota, gefe guda indomi tana tafasa. Wanda ya karya da wannan ya sha sukari, ya ci sitacin da zai zama sukari cikin mintuna, kafin azahar kuma yunwa ta dawo. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda ko gora, da furar da ake dama wa sukari da ludayi, duk hanya ɗaya suke bi. Zuma da mazarƙwaila da dabino ma sukari ne a wurin jini, ko da sun fi farin sukari wasu amfanin.

Na biyu shi ne hatsin da aka raba da dusarsa. Ƙwayar gero ko dawa ko alkama tana da ɓawo mai harza, wanda ke rage saurin narkewar sitaci. Idan aka surfe ta tas, aka niƙa ta lukui, aka tankaɗe, abin da ya rage yana shiga jini da gudu, fankiriyas kuma dole ta bi shi da gudu. Farar shinkafa da fulawa da samobita duk haka suke. Dusar da muke ba awaki ita ce rabon da jikinmu ya rasa.

Na uku shi ne abincin masana'anta da aka haɗa daga fulawa da sukari da mai da gishiri da kayan ɗanɗano: biskit, cincin na leda, kek, tsiran gwangwani da makamantansu. A 2019 Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 a asibiti wata guda. Mako biyu suna cin irin wannan abinci, mako biyu suna cin dafaffen abinci na asali, an daidaita yawan sukari da mai da gishirin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta, ba tare da sun sani ba, sun riƙa ƙara kimanin kalori 500 kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A sauran makonni biyun suka rage kusan kilo ɗaya. Mutanen su ne dai, halinsu bai canja ba. Shi ya sa nake ganin zalunci ne a kalli mai ƙiba a ce kwaɗayi ne kawai. Abinci mai laushi da ake haɗiyewa da sauri yana shiga kafin ciki ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙoshi.

Hanji da mazauna cikinsa

A babban hanji akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa, kuma abincinsu shi ne harzar da mu ba ma iya narkarwa. Idan suka samu, suna fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji, su ƙarfafa shi, su kwantar da garkuwar jiki. Idan suka rasa, ga kuma mai ya yi yawa, bangon yana saki, ɓurɓushin jikin bakteriya ya riƙa ratsawa cikin jini, garkuwa ta ɗauka an kawo hari. Patrice Cani da abokan aikinsa sun nuna wannan a ɓeraye a 2007.

A 2010 masu bincike daga Italiya sun gwada hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen shi ne wanda kakanninmu suka sani: gero da dawa da wake da ganye. An tarar bakteriyar cikinsu ta fi yawan iri, kuma ta fi fitar da waɗancan sinadarai masu kare hanji. A 2025 kuma aka buga wani gwaji daga yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, inda aka sauya wa samari abinci na mako biyu kacal. Waɗanda aka ɗauke daga abincin gargajiya zuwa irin na Turawa, alamun kumburi suka hau a jininsu. Waɗanda aka mayar kan na gargajiya, suka sauka.

Ba sai mun je nesa neman wannan abincin ba. Kwaɗon zogale ko rama, dambu mai ganye, fate, wake da gurjiya, miyar kuka da kuɓewa, acca, tuwon dawa ko gero da ba a cire wa dusa duka ba, nono mara sukari, goba da gwanda da yalo. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikinsu mun mayar da su abincin talaka, muna jin kunyar ajiye wa baƙo. Sai dai kuma tuwon dawa ma sitaci ne. Malmala uku a zama ɗaya za su ɗaga sukari komai kyan hatsin. A rage tuwon, a ƙara miya da ganye da wake.

Akwai wasu abubuwan da ke rura kumburin ba ta baki ba: ƙarancin barci, hayaƙin taba, zaman wuri ɗaya daga safe har dare, da ciwon dasashi da aka bari ba magani. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai yi ƙarfi ba, don haka tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci tana da tasirin da ake iya gani a na'urar gwaji.

Ramammu ma suna kamuwa

A asibitocinmu ana ganin masu ciwon suga da ba su taɓa yin ƙiba ba. Wasu gado ne, domin wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi haɗarinsa ya fi na saura. Wasu kitsen yana ɓoye a hanta. Wasu kuma tushen abin yunwa ce. A Holan, waɗanda suke ciki lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 sun girma jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na sauran ba. Jaririn da bai samu isasshen abinci a ciki ko a shekarun farko ba, fankiriyas ɗinsa ba ta ginuwa sosai, idan ya girma ya shiga birni ya samu shinkafa da lemo sai ta gaza da wuri. A 2025 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da ciwon sugan da ke da nasaba da tamowa a matsayin nau'i mai zaman kansa. Ga yankin da tamowar yara ta yi wa katutu kamar arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ciyar da mai ciki da mai goyo da yaro ƙarami yana cikin rigakafin ciwon suga na shekara arba'in masu zuwa.

Dole kuma a faɗi maganar ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa 'yan mata da amare, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametason ne ko danginsa. Maganin yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya cinye tsokar hannu da ƙafa, ya hana insulin aiki, har ya jawo ciwon suga da hawan jini kai tsaye. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ta je wurin likita a janye mata shi a hankali.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Tunda kumburi yana cikin lamarin, an gwada kashe shi da magani. A wani babban gwaji da aka bayyana a 2017, an ba mutum sama da dubu goma masu ciwon zuciya ko dai allurar da ke toshe wani sinadarin kumburi ko kuma ta bogi. Bugun zuciya ya ragu, amma yawan masu kamuwa da ciwon suga bai ragu ba. Idan magani mai ƙarfi irin wannan bai hana ba muddin kitsen yana nan, to garin da ake tallatawa a mota da lasifika da sunan wankin jiki ba zai hana ba.

Rage kitsen shi ne ya yi aiki. A Amurka an bi mutum sama da dubu uku da sukarinsu ya fara hawa, aka buga sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin suga mai suna metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. A Birtaniya kuma, gwajin da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta ya nuna a 2017 cewa cikin masu ƙiba da ba su wuce shekara shida da ciwon ba, kusan rabi sun koma sukarin lafiya ba magani bayan shekara guda ta rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. A cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Kitsen hanta shi ne ke fara tafiya. Ciwon yana lafawa ne, yana kuma dawowa idan nauyin ya dawo, kuma mai shan magani ko allura kada ya rage abinci sosai ba da sanin likitansa ba, don sukari yana iya faɗuwa ƙasa ya sumar da shi.

A gida ana iya yin awo ba tare da sikeli ba. A samu igiya a auna tsayin mutum daga kai zuwa diddige, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsayi, kitsen ciki ya yi yawa. Daga nan sai gwajin jini da safe kafin a ci komai: ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 ko sama idan an maimaita aka sake samu ciwon suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni daban suke aiki, a nan 7.0 ita ce daidai da 126. Fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Wanda ya haura shekara 35, ko yake da shi a dangi, ko macen da sukarinta ya taɓa hawa da ciki ko ta haifi jariri mai fiye da kilo huɗu, ya je a duba shi ko da ba abin da ke masa ciwo.